Kwantenonin Incus sun daina fita intanet bayan an girka Docker a sabar

MaiKulaDaSaba ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman taimakon waɗanda suka fi ni ƙwarewa a harkar sadarwa a Linux, domin abin da ke gabana ya fara shafar aikin mutanen da suka dogara da ni.

Ina kula da wata saba da muka kama haya a wajen wani kamfani, tana ɗauke da Ubuntu 24.04, kuma a kanta nake tafiyar da kwantenoni uku, wato ƙananan tsare-tsaren Linux da aka keɓe a cikin na'ura ɗaya, ta hanyar manhajar Incus: ɗaya na shafin intanet, ɗaya na rumbun bayanai, ɗaya kuma na aika saƙonnin imel. Dukkansu suna kan gadar incusbr0 wadda Incus ya ƙirƙira da kansa, mai adireshi 10.84.12.1/24, kuma ta wannan gada suke fita waje da adireshin uwar na'urar, wato ita sabar da ke ɗauke da su. An daɗe a haka ba tare da wata damuwa ba. Kwanakin baya na girka Docker, wani tsarin tafiyar da kwantenoni dabam, a kan uwar na'urar saboda wata manhaja da ba a samun ta sai ta wannan hanya, kuma bayan girkawar komai ya ci gaba da aiki kamar yadda aka saba. Sai da na sake kunna sabar bayan sabunta manhajoji sannan al'amari ya canza.

Yanzu kowace kwantena tana samun adireshinta kamar kullum, kuma `ip route` a cikinta yana nuna cewa hanyar fita ita ce 10.84.12.1. Idan na yi ping zuwa wannan adireshi, amsa tana dawowa nan take. Idan na nemi adireshin archive.ubuntu.com da `getent hosts`, shi ma ana ba ni amsa daidai. Amma `ping 1.1.1.1` ba ya samun ko amsa ɗaya, `apt update` yana tsayawa har lokacinsa ya ƙare, saƙonnin imel kuma sun taru a layi ba sa fita. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne shafin namu yana buɗewa daga waje ba tare da tangarɗa ba, ita ma uwar na'urar tana fita intanet lafiya, kwantenonin Docker ma haka. Na duba ufw, manhajar katangar tsaro ta Ubuntu, a kashe yake. Na duba `sysctl net.ipv4.ip_forward`, yana kan 1, wato an yarda na'urar ta riƙa tura fakitocin wasu gaba. Dokar sauya adireshi ta Incus ma tana nan a cikin `nft list ruleset`.

Ta yaya suna zai warware, baƙi su shigo shafi, amma kwantenar da ke riƙe da shafin ta kasa fita? Kuma me ya sa abin bai bayyana ba sai bayan sake kunnawa? Ba na son in cire Docker idan akwai hanyar da za su zauna tare. Allah Ya saka da alheri.

TsohonHannu ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi bayani mai kyau, kuma abubuwan nan da suka ɗaure maka kai su ne suke nuna inda matsalar take.

Duk abin da ka ce yana aiki, abu ne da yake ƙarewa a kan uwar na'urar, ba ya ratsa ta. Adireshin da kwantena take samu, dnsmasq, ɗan shirin da ke rarraba adireshi da warware sunaye, shi ne yake ba ta, kuma yana zaune ne a kan uwar na'urar yana sauraro a bakin gadar. Shi ne kuma yake karɓar tambayar suna, ya fita da kansa ya nemo amsa, ya dawo ya miƙa wa kwantenar. Ping zuwa 10.84.12.1 magana ce da uwar na'urar kai tsaye. Shafinka kuwa, ina kyautata zaton da na'urar proxy ta Incus ka fito da shi waje, wadda idan ba a sa mata nat=true ba, wani ɗan shiri ne da yake karɓar baƙo a kan uwar na'urar sannan ya buɗe wata hanya dabam a cikin kwantenar. Duk waɗannan ta sarƙoƙin INPUT da OUTPUT suke bi, wato jerin dokokin katangar tsaro na abin da ke shigowa na'urar kanta da wanda ke fita daga gare ta. Fakitin da ya taso daga kwantena zai tafi 1.1.1.1 shi ne kaɗai a cikinsu yake shiga ta wani katin sadarwa ya fita ta wani, wato yake bin sarƙar FORWARD, kuma a can nake zargin ana zubar da shi.

Kafin ka taɓa komai, ka tabbatar da idonka. Ka bar ping yana gudu a cikin kwantenar, ka buɗe tagogi biyu a kan uwar na'urar, ɗaya da `tcpdump -ni incusbr0 icmp`, ɗayar da irin wannan umarni a kan katin da yake fuskantar waje, ko ens3 ne ko eth0. Idan kana ganin fakitoci a kan gada amma babu komai a katin waje, to a tsakanin biyun suke mutuwa. Daga nan ka duba `iptables -S FORWARD`. Ina sa ran layin farko zai kasance `-P FORWARD DROP`, kuma idan ka maimaita `iptables -L FORWARD -v -n` sau biyu ko uku za ka ga adadin fakitocin da aka zubar yana hawa daidai da bugun ping ɗinka.

Tun sigar 1.13 da ta fito a watan Janairun 2017, Docker yake mayar da hukuncin ƙarshe na wannan sarƙa zuwa DROP, wato a zubar da duk fakitin da babu dokar da ta ba shi izini, sannan ya buɗe hanya ga gadojinsa kaɗai. Ba da gangan yake cutar da Incus ba, yana kare kwantenoninsa ne daga maƙwabtan da ke layi ɗaya da sabar, amma hukuncin ya shafi duk wani fakiti da ke ratsa na'urar, nasa da wanda ba nasa ba.

Batun sake kunnawa kuma yana da dalili. Docker ba ya sa DROP sai idan shi ne ya kunna ip_forward da kansa. Ranar da ka girka shi, ya tarar Incus ya riga ya kunna, sai ya bar sarƙar yadda take. Da aka sake kunna sabar, da alama Docker ne ya riga tashi, ya tarar da sifili, ya mayar da shi 1, ya kuma rufe ƙofa. Idan ka duba `journalctl -b -u docker -u incus` za ka ga wanda ya riga wani ta lokutan da aka rubuta.

Dalibar_Linux ta rubuta:

Sannu da ƙoƙari, Malam. Na yarda da bayanin da ya gabata, kuma idan kana bukatar saƙonnin nan su fita yanzu, `iptables -P FORWARD ACCEPT` zai buɗe hanya cikin daƙiƙa ɗaya, ya kuma tabbatar maka cewa a nan matsalar take. Domin kada ta dawo, kana iya rubuta `net.ipv4.conf.all.forwarding=1` a wani fayil cikin /etc/sysctl.d/, domin ana karanta waɗannan fayiloli tun da wuri a lokacin tashin na'ura, kafin Docker ya farka, saboda haka kullum zai tarar an riga an kunna. Idan kuma Docker ɗinka ya kai sigar 28, akwai zaɓin `"ip-forward-no-drop": true` da ake sawa a /etc/docker/daemon.json, wanda yake hana shi sa DROP ko da shi ne ya kunna.

Sai dai akwai abin da ban gane ba, kuma ina roƙon Malam TsohonHannu ya ƙara haske. Mai tambaya ya ce dokokin Incus suna nan a cikin nftables, sabon tsarin katangar tsaro na Linux da umarnin `nft` yake nunawa, kuma ni ma idan na duba tawa na'urar ina ganin teburin `inet incus` yana da doka ƙarara mai karɓar duk abin da ya shigo ko ya fita ta incusbr0. Idan Incus ya riga ya ce a bar fakitin ya wuce, me ya ba hukuncin Docker ikon zubar da shi daga baya?

TsohonHannu ya rubuta:

Malama, tambayarki ta taɓa ainihin wurin da mutane da yawa suke ruɗewa.

A Ubuntu na yanzu, kamar yadda yake a Debian tun sigar 10 ta shekarar 2019, umarnin iptables ba ya rubuta dokoki a tsohon tsari, yana fassara su ne zuwa nftables. Saboda haka a na'urar mai tambaya akwai tebura biyu a cikin tsari ɗaya: `inet incus` da Incus ya rubuta, da `ip filter` wanda Docker ya cika ta hanyar iptables. Kowannensu yana da sarƙarsa da aka rataya a mashigar forward. A nftables, idan sarƙa ɗaya ta ce accept, ma'anarsa ita ta gama da fakitin, amma dole ya ci gaba zuwa sauran sarƙoƙin da ke rataye a wannan mashiga. Idan kuwa wata ta ce drop, magana ta ƙare a nan. Kamar shingayen bincike biyu ne a kan hanya ɗaya, wucewarka ta na farko ba ta ɗaure hannun masu tsaron na biyu. Wannan ne ya sa duk dokar da za a ƙara a teburin Incus ba za ta yi amfani ba, dole izinin ya fito daga cikin teburin da yake zubarwa.

Hanyoyin da kika kawo duka suna aiki, kuma ta farkon tana da kyau a matsayin gwaji na minti ɗaya. Amma ba zan so a bar sabar haya da FORWARD a buɗe ba. A irin waɗannan wurare ba ka san su wane ne suke layi ɗaya da kai ba, kuma na'urar da take tura duk fakitin da aka miƙa mata tana iya zama hanyar da wani zai bi ya isa 10.84.12.0/24, inda rumbun bayanan Malam yake zaune bisa zaton cewa babu mai ganin sa daga waje. Wanda ya zaɓi hanyar sysctl ko zaɓin sigar 28, wajibi ne ya rubuta nasa dokokin rufewa, kuma yawanci ba a rubutawa.

Abin da na fi so shi ne a bar DROP yadda yake, a buɗe wa gadar Incus kaɗai, ta sarƙar DOCKER-USER. Docker ya tanadi wannan sarƙa tun sigar 17.06 domin mai na'ura ya sa nasa dokokin, ana duba ta kafin dokokin Docker, kuma ba ya share abin da ke cikinta idan an sake tayar da shi:

`iptables -I DOCKER-USER -i incusbr0 -j ACCEPT`

`iptables -I DOCKER-USER -o incusbr0 -m conntrack --ctstate RELATED,ESTABLISHED -j ACCEPT`

Ta farko tana barin kwantenoni su fita, ta biyu tana barin amsoshin abin da suka fara su dawo, ba tare da ba wa baƙo damar fara magana da su ba. Malam, ka lura da abu biyu. Waɗannan dokoki a ƙwaƙwalwa suke, suna ɓacewa idan an kashe na'ura, saboda haka ka rubuta ƙaramin aikin systemd mai ɗauke da `After=docker.service` da zai riƙa sa su a kowane tashi. Ban cika son a adana dukkan teburin da iptables-save a na'urar da Docker ke ciki ba, domin za ka adana har da dokokin kwantenonin da watakila gobe babu su, ko adireshinsu ya canza. Na biyu, duk ranar da ka mayar da na'urar proxy ɗinka zuwa nat=true, ko ka koma amfani da `incus network forward`, baƙin shafinka za su fara bin FORWARD su ma, kuma doka ta biyu ba za ta bar su ba sai ka ƙara wata ta musamman ga adireshin kwantenar da tashoshin 80 da 443.

Kuma don Allah kada kowa ya ba shi shawarar `iptables -F` ko `nft flush ruleset`. Na biyun zai share har dokar sauya adireshi ta Incus da ta Docker baki ɗaya, ya koma yana neman matsala biyu a maimakon ɗaya, a kan na'urar da ba ya iya isa gare ta sai ta intanet.

MaiKulaDaSaba ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam da Malama. Yadda aka faɗa haka na tarar. Fakitoci suna bayyana a incusbr0, babu su a ens3, layin farko na sarƙar kuwa `-P FORWARD DROP` ne, kuma journalctl ya nuna Docker ya riga Incus tashi. Na sa dokokin biyu a DOCKER-USER, na rubuta aikin systemd, na sake kunna sabar don in gwada, kuma sun dawo da kansu. Ping yana tafiya, saƙonnin da suka taru duk sun fita, `apt update` ya kammala.

Saura abu ɗaya da ban san ko yana da alaƙa da wannan ba. Yawancin adireshi suna buɗewa daga cikin kwantena, amma akwai wata saba ta abokan hulɗarmu da shafinmu yake karɓo bayanai daga gare ta, wadda `curl -v` yake haɗuwa da ita, ya rubuta cewa ya aika Client hello, saƙon farko na ƙulla haɗuwa mai tsaro, sannan ya tsaya cak har lokaci ya ƙare. Daga uwar na'urar, wannan umarni yana kammalawa nan da nan. Ping zuwa sabar tasu daga cikin kwantena yana samun amsa. Shin akwai wata dokar da ta rage ne a katangar tsaron?

Mai_Waya_da_Kebul ya rubuta:

Malam, barka da warware ta farko. Wannan ta biyun ba daga katangar tsaro take ba, kuma ina ganin ta girmi Docker a na'urarka, sai dai yanzu ne ka zuba ido sosai har ka gan ta. Da doka ce take hanawa, da haɗuwar ba za ta fara ba sam. Haɗuwar da take farawa lafiya sannan ta tsaya daidai lokacin da ɗaya ɓangaren zai turo takardar shaidarsa, wadda ita ce babban kaya na farko a cikin zancen, alama ce ta girman fakiti.

Ka duba `ip link show ens3` a kan uwar na'urar, ka ga lambar da ke gaban mtu, wato iyakar girman fakitin da katin zai iya ɗauka. A kebul na yau da kullum 1500 ce, amma kamfanonin haya da yawa suna naɗe zirga-zirgar abokan cinikinsu a cikin VXLAN, wani lulluɓi da ake ƙara wa kowane fakiti, wanda yake cin bayit 50, sai katin ya zo da 1450. Gadar Incus kuwa da katin da ke cikin kwantena suna nan a kan 1500, domin babu wanda ya gaya musu cewa hanyar gaba ta fi ƙunci.

Ga yadda hakan yake haifar da abin da ka gani. A farkon kowace haɗuwar TCP, kowane ɓangare yana sanar da girman kayan da zai iya karɓa a fakiti ɗaya, wato MTU ɗinsa a cire bayit 40 na kawunan IP da TCP. Uwar na'urarka tana sanar da 1410, shi ya sa nata yake tafiya. Kwantenar tana sanar da 1460, sai sabar abokan hulɗarku ta turo fakiti mai cikakken 1500, wanda ba zai shiga hanyar 1450 ba. A ƙa'ida, na'urar da ta kasa wucewa da shi za ta mayar da saƙon ICMP, wato irin saƙonnin sanarwa da ping ma yake amfani da su, nau'i na 3 lamba ta 4, tana cewa a rage girma, mai aikawa kuma ya rage. Manyan shafuka galibi suna jin wannan saƙo ko kuma dama ba sa cika fakitinsu, shi ya sa suke buɗe maka. Amma inda aka toshe ICMP gaba ɗaya da sunan tsaro, mai aikawa ba ya jin komai, sai ya yi ta maimaita babban fakitin nan, kai kuma kana zaune kana jira. Ping na yau da kullum ba zai nuna maka wannan ba, domin kayansa bayit 56 ne kawai.

Gwajin da zai raba gardama shi ne ping mai hana tsaga fakiti, daga cikin kwantenar: `ping -M do -s 1472` zuwa adireshinsu. Lambar 1472 ita ce 1500 a cire 20 na kan IP da 8 na kan ICMP. Idan hasashena daidai ne wannan zai gaza, `-s 1422` kuma zai wuce. Idan 1422 ma ya gaza, ka yi ta ragewa har ka sami inda yake wucewa, ka ƙara 28, wannan ce lambar da za ka yi aiki da ita. Wanda zirga-zirgarsa take bi ta WireGuard, misali, yakan tarar da 1420.

Gyaran shi ne ka daidaita gadar da katin waje: `incus network set incusbr0 bridge.mtu=1450`, sannan ka sake tayar da kwantenonin, ka tabbatar da `ip link` a cikin kowacce cewa eth0 ya ɗauki sabuwar lambar. Za ka ji wasu suna ba da shawarar dokar TCPMSS mai `--clamp-mss-to-pmtu` a teburin mangle, wadda take gyara lambar da kwantena ta sanar yayin da fakitin farko yake ratsa uwar na'urar. Tana aiki, kuma tana da amfani a inda ba ka da ikon taɓa na'urorin da ke bayanka, amma TCP kaɗai take taimaka wa, ba ta yi wa UDP komai. Tunda gadar taka ce, kwantenonin ma naka ne, gyara MTU ɗin ya fi tsabta.

Kwantenonin Docker ɗinka ma suna cikin wannan hali, domin docker0, gadar Docker ta asali, shi ma a kan 1500 yake tashi. Sa `"mtu": 1450` a daemon.json yana gyara docker0 ne kaɗai. Idan manhajar taka da Docker Compose ka tayar da ita, tana kan wata gada dabam da Compose ya ƙirƙira, kuma wannan sai ka sa `com.docker.network.driver.mtu` a ƙarƙashin driver_opts na hanyar sadarwar, ka rushe ta ka sake gina ta, domin canjin ba ya hawa kan gadar da ta riga ta wanzu. Ka turo mana abin da `ip link show ens3` da gwajin ping ɗin suka nuna kafin ka canza komai, domin idan katin ya ce 1500 amma 1472 ya gaza, to ƙuncin yana wani wuri ne a gaba, kuma lambar da gwajin ya ba ka ita ce abin bi, ba ta katin ba.